Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Hoya

1. Shukar da aka manta

Ranar da aka koma makaranta, cikin watan Oktoba, ƴan aji biyar suka fita sharar fili. A bayan ofishin shugaban makaranta suka tarar da wani babban gwangwani duk ya yi tsatsa. A cikinsa akwai wata shuka mai yaɗo. Rassanta sun harɗe kamar tsohuwar igiyar guga. Wasu ganyen sun yi ruwan ɗorawa, wasu sun yamushe kamar busasshiyar kuɓewa. Gwangwanin cike yake da ruwan sama, har yana wari.

Wani yaro ya ce: "Malam, mu zubar da wannan? Ai ta mutu."

Malam ya duƙa, ya sa akaifa ya ɗan kankare bayan reshe guda. Sai ga tsanwa a ciki.

Ya ce: "A'a, yara, da sauran ranta. Sunanta hoya. Baba mai gadi ya yi shekara 15 yana kula da ita. Da tsufa ya kama shi, ya koma ƙauye, ya bar wa makaranta amanarta. Mu kuwa muka manta. Babu irinta a garin nan. In ta mutu, shi ke nan."

Wata yarinya ta ce: "To, Malam, mu ƙara mata ruwa da taki."

Malam ya ce: "Sannu dai. Mai magani ba ya ba da magani sai ya san mara lafiya, ya san ciwonsa. Mu fara sanin ita wace ce."

2. Asalin hoya

Hoya ba shukar ƙasarmu ba ce. Gidanta na asali yana can gabas mai nisa, a dazuzzukan Indiya, da kudancin Sin, da Tailan, da Filifin, da Indonesiya, har zuwa Ostiraliya. Ƙasashe ne masu zafi da ruwan sama mai yawa. Masana tsirrai sun ƙidaya irin hoya fiye da 500.

Wani masani ɗan Birtaniya, Robat Burawun, shi ya raɗa mata suna a shekarar 1810. Ya sa mata sunan Tomas Hoy, wani gwanin aikin lambu wanda ke kula da lambun wani basarake kusa da birnin Landan. Daga nan mutane suka shiga ajiye ta cikin tukwane a gidajensu, don kyan ganyenta da furenta. Faransawa suna ce mata furen tangaram. Ingilishi suna ce mata shukar kakin zuma, domin ganyenta yana ƙyalli kamar an shafa masa kaki.

Ko da yake baƙuwa ce, tana da dangi a nan. Hoya da tumfafiya da yaɗiya ƴan gida ɗaya ne. Wanda ya duba furen tumfafiya da kyau zai ga kunnuwa biyar, da wani ɗan kambi a tsakiya. Haka furen hoya yake. Ƴaƴanta kuma suna da gashi mai laushi wanda iska ke ɗauka, kamar na tumfafiya. Wasu irin hoya ma suna fid da farin nono in an karya su. Saboda haka wanda ya yanke ta sai ya wanke hannu, kada ya taɓa ido.

3. Zamanta a daji

A daji, yawancin hoya ba a ƙasa suke tsirowa ba. Bisa manyan itatuwa suke zama. Ƴar ƙwayar iri takan faɗa cikin tsagar ɓawo ko cikin kogon reshe, inda ruɓaɓɓen ganye ya taru. Nan take tsira, ta yi yaɗo, ta kama itacen da ƙananan saiwoyi.

Kauci ma bisa itace yake zama, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Kauci yana soka saiwarsa cikin jikin itace, yana shan ruwansa. Hoya kuwa wurin zama kawai take aro. Ruwanta daga sama yake zuwa, abincinta daga ruɓaɓɓen ganye.

Wannan zama ya koya mata halaye uku.

Na farko, saiwarta ta saba da iska. In an yi ruwa takan jiƙe, ruwan ya tsiyaye, ta bushe da wuri. Ba ta san zama cikin taɓo ba.

Na biyu, ta saba da hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganyen itatuwa. Tana son haske da yawa, amma ranar tsaka tana ƙona ta.

Na uku, ta iya tanadi. Ganyenta mai kauri ne, kamar ƴar randa ce da take ajiye ruwa. A jikin kowane ganye akwai ƙofofi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Ta nan shuka ke shan iska, ta nan kuma ruwa ke fita. Hoyar da aka fi ajiyewa a gida takan rufe ƙofofin nan da rana, ta buɗe su da dare, lokacin da gari ya yi sanyi. Ta haka ruwanta ke daɗewa.

Shi ya sa hoya ke jure ƙishirwa na makonni, amma ba ta jure yawan ruwa. Hoyar da yawan shayarwa ya kashe ta fi wadda ƙishirwa ta kashe yawa.

4. A fara da bincike

Wanda ya sami tsohuwar hoya da aka yi wa sakaci, kada ya yi gaggawa. Abu huɗu zai duba.

*Reshe.* A kankare bayansa kaɗan. In cikin tsanwa ne, da rai. In ya bushe, yana karyewa ƙas kamar karan dawa, wannan reshen ya mutu.

*Ganye.* Lafiyayyen ganye yana da tauri, ba ya lanƙwasuwa da sauƙi. Ganyen da ya yi laushi ya yamushe, ruwa ne ba ya isa gare shi. Wanda ya yi tabo fari ko ja ya bushe, rana ce ta ƙona shi.

*Ƙwari.* A leƙa ƙarƙashin ganye, da inda ganye ya haɗu da reshe. In an ga wani abu fari kamar ɓarɓashin kaɗa, ƙwari ne masu tsotson ruwan shuka.

*Saiwa.* Nan ne babban bincike. A kwantar da tukunya, a zare shukar a hankali, a kakkaɓe ƙasar. Saiwa mai rai tana da ƙwari, launinta fari-fari ne. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana wari. In an ja ta da yatsa biyu, fatar takan saɓule, ta bar wani siririn zare kamar gashi.

Akwai wani abin da ke ruɗin mutane. Ganye yakan yamushe in ƙasa ta bushe ƙurmus. Yakan kuma yamushe in ƙasa ta jiƙe sharkaf. Me ya sa? Domin saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. In ruwa ya cika tukunya, iska ba ta samun wuri, sai saiwa ta shaƙe, ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta jan ruwa. Sai shuka ta zauna cikin ruwa tana mutuwa da ƙishirwa. Wanda ya ga ganye ya yamushe ya ƙara ruwa ba tare da ya duba ƙasa ba, ya ƙara wa ciwo ciwo.

Abin da ya sami hoyar makaranta ke nan. Tsatsa da laka sun toshe hudar gwangwanin. Ruwan damina ya taru a ciki duk tsawon hutu. Da ƴan aji biyar suka zare ta, sai suka ga fiye da rabin saiwar ya ruɓe.

5. Magani

In ƙishirwa ce kawai, maganin ba wuya. Ƙasar da ta daɗe a bushe ba ta shan ruwa nan da nan: ruwan yakan bi gefen tukunya ya fice. Sai a tsoma tukunyar cikin kwano mai ruwa kamar rabin awa, a fid da ita, a bar ta ta tsiyaye. Bayan ƴan kwanaki ganyen zai soma cika.

In saiwa ce ta ruɓe, ga yadda ake yi:

1. A wanke almakashi ko wuƙa mai kaifi da sabulu, don kada a kai wa shuka wata cuta.
2. A yanke duk saiwar da ta ruɓe, har a kai ga mai rai.
3. A yanke rassan da suka mutu, a cire ganyen da ya lalace.
4. A ajiye shukar a inuwa na ƴan awoyi, bakin yankan ya sha iska.
5. A zubar da tsohuwar ƙasar. Kada a sake amfani da ita.
6. A samo tukunyar ƙasa mai huda a gindi. Kada ta yi girma: ta ɗan fi dunƙulen saiwar kaɗan.
7. A dasa shukar daidai zurfin da take a da. Kada a danne ƙasar da ƙarfi.
8. A dakata kwana biyu ko uku kafin a ba ta ruwan farko.

Me ya sa ake son ƙaramar tukunya? Babbar tukunya tana ɗaukar ƙasa da yawa, ƙasa da yawa kuma tana riƙe ruwa da yawa. Ƴar saiwar da ta rage ba za ta iya shanye shi ba, sai ruɓa ta dawo. Hoya ta saba da matsi tun daga tsagar itace. Takan yi shekaru cikin tukunya guda ba ta damu ba.

Ƙasar da za a zuba mata ita ma dabam ce. Laka ba ta yi, domin tana kama ruwa. A haɗa awo biyu na ɓawon itace busasshe wanda aka farfasa kamar girman gujiya, da awo ɗaya na gutsattsarin gawayi, da awo ɗaya na yashi mai tsakuwa, da awo ɗaya na ganyen da ya ruɓe sarai. In an zuba ruwa ya fita ta gindi nan take, haɗin ya yi kyau.

A ɗora tukunyar bisa duwatsu ko bulo. Ruwa zai sami hanyar fita, gara kuma ba za ta shiga da sauƙi ba.

Kada a ba ta taki yanzu. Mara lafiya da kunu yake farawa, ba da tuwo ba. Taki yana ƙona saiwar da ke da rauni. A jira sai sabon ganye ya fito.

6. Yaƙi da fararen ƙwari

Ƙwarin nan masu kama da kaɗa suna son shukar da ta raunana. Suna tsotson ruwanta, suna barin wata darɓa mai zaƙi bisa ganye. Kiyashi suna bin darɓar. Wanda ya ga kiyashi suna hawa da sauka a jikin hoya, sai ya duba da kyau.

A narka sabulu kamar ƙaramin cokali guda cikin litir ɗaya na ruwa. A tsoma tsumma mai laushi, a goge ganye ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa. Inda tsumma bai kai ba, a naɗa kaɗa a tsinke a sakato su. Da marece ake wannan aiki, da safe a ɗauraye da ruwa mai tsabta. A maimaita kowane kwana 7, sau uku ko huɗu, domin ƙwayayen da suka ɓuya suna ƙyanƙyashewa daga baya.

7. A ajiye iri

Manomi ba ya cinye hatsinsa duka, sai ya ware iri. Haka mai jinyar hoya. Mai yiwuwa uwar ba za ta tashi ba. Saboda haka tun ranar farko a yanki reshe biyu ko uku masu lafiya.

A jikin reshe akwai gaɓoɓi, wato wuraren da ganye ke fitowa biyu-biyu. Kusa da gaɓa sabuwar saiwa ta fi fita. A yanki reshe mai gaɓa biyu, tsawonsa kamar santimetir 10 zuwa 15. A cire ganyen gaɓar ƙasa, a bar na sama. A sa gaɓar ƙasa cikin kwalba mai ruwa, ko a binne ta cikin haɗin nan mai ɗan laima. In a ruwa ne, a riƙa sake shi kowane kwana uku. Bayan mako uku zuwa shida fararen saiwoyi za su bayyana. In sun kai tsawon gaɓar yatsa biyu, sai a dasa.

Reshen da ba shi da saiwa, da me yake rayuwa duk kwanakin nan? Da abin da ya tara cikin ganyensa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ganye guda shi kaɗai, ba tare da gaɓa ba, yana iya yin saiwa, amma da wuya ya yi reshe. A tabbata an haɗa da gaɓa.

8. Kulawa ta kullum

*Wuri.* A ajiye ta inda hasken safe ke samunta, amma inuwa ta rufe ta tun daga hantsi. Ƙarƙashin rumfa ko gindin bedi ta wajen gabas ya yi. Shukar da ta daɗe a duhu, kada a fid da ita rana gaba ɗaya. A riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan. Cikin duhu ba za ta mutu da wuri ba, amma ba za ta yi fure ba.

*Ruwa.* Yatsa shi ne alƙali. A soka shi cikin ƙasar, zurfin santimetir 3. In da laima, a bari. In a bushe take, a zuba ruwa sosai har ya fita ta gindi. Ruwan sama ya fi, domin ruwan wasu rijiyoyi yana da kanwa, yana barin farin gishiri bisa ƙasa.

*Bazara.* Zafi yakan wuce digiri 40, tukunyar ƙasa kuma tana bushewa da sauri. A riƙa dubawa kullum. A kai shukar kusa da randa, inda ƙasa ke da sanyi da laima.

*Damina.* Lokacin girmanta ke nan. A ba ta taki kaɗan wanda ya ruɓe sarai, sau ɗaya a wata. A tsare ta daga bakin indararo.

*Ɗari.* Hoya ba ta son sanyin da ya kai ƙasa da digiri 10. A shigar da ita ɗaki da dare, a rage mata ruwa. Ƙurar hunturu tana rufe ganye, tana tare haske. A riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako.

9. Abu biyu da ba a yankewa

Hoyar da ta soma murmurewa takan fid da wani dogon reshe siriri, ba ganye a jikinsa. Wanda bai sani ba sai ya ce banza ne, ya yanke. Kuskure ne. Reshen yana neman abin da zai kama ne, ganye daga baya yake zuwa. A kafa masa kara ko a lanƙwasa waya kamar baka, ya nannaɗe.

Abu na biyu shi ne ƙugiyar fure. Wani ɗan gajeren tsinke ne mai kaushi a baki, wanda ke fita kusa da gaɓa. Daga bakinsa fure ke fitowa. In furen ya kaɗe, ƙugiyar tana nan, kuma daga nan wani furen zai sake fita, shekara bayan shekara. Kowane fure yana ƙara mata tsawo kaɗan. Wanda ya tsinke ta ya tsinke furen baɗi. Tsohuwar hoya ta fi sabuwa daraja saboda ƙugiyoyin nan: sabon dashe yakan yi shekara biyu ko uku ko fiye kafin ya yi fure.

In ƙunshin fure ya soma fitowa, kada a ɗaga tukunya a sake mata wuri, kada kuma a bar ta ta bushe ƙwarai. In an yi haka, furen yana iya zubewa tun bai buɗe ba.

10. Ladan haƙuri

Ƴan aji biyar suka raba aiki, kowane mako da masu duba ƙasa da masu goge ganye. Wata guda ya wuce, ba abin da ya sake. Duk lokacin ɗari hoya tana nan shiru.

Wani yaro ya ce: "Malam, anya wahalar banza ba muke yi ba?"

Malam ya ce: "Taɓa ganyen ka ji."

Ya taɓa, ya ji ya yi tauri. Malam ya ce: "To, ka gani. Aiki na can ƙasa inda ba ka gani. Sai saiwa ta kafu ganye ke fitowa."

Da sanyi ya wuce, ƙananan ganye jajaye suka ɓullo. Cikin rassa uku da aka sa a kwalba, biyu suka yi saiwa. Da hutu ya zo, ba a sake barin ta ita kaɗai ba: wata yarinya mai gida kusa da makaranta ta ɗauke ta.

Sai da suka shiga aji shida, wajen ƙarshen shekara, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙugiyoyin ta yi fure. Ƙananan taurari ne fiye da ashirin a dunƙule, farare masu ja a tsakiya. Da marece ƙanshinsu ya cika rumfa, wani ruwa mai zaƙi yana ɗiga daga tsakiyarsu.

Ran kasuwa, yara biyu suka ɗauki ɗaya daga cikin sababbin dashen, suka kai wa tsohon mai gadi a ƙauye. Suka durƙusa suka ce: "Baba, ga ƴar amanarka. Uwar tana nan lafiya, har ta yi fure."

Tsoho ya juya tukunyar, ya leƙa gindinta, ya ga huda. Ya ce: "Madalla, jikokina. Allah ya yi muku albarka."

Kalmomi

*yaɗo:* tafiyar reshe bisa ƙasa ko jikin wani abu, kamar na kabewa.
*gaɓa:* wurin da ganye ke fitowa a jikin reshe.
*darɓa:* abu mai zaƙi mai kama hannu.
*ƙugiyar fure:* ɗan tsinken da furen hoya ke fitowa a bakinsa.

Tambayoyi

1. Daga waɗanne ƙasashe hoya ta fito? Wa ya raɗa mata suna, a wace shekara?
2. Waɗanne tsirrai na ƙasarmu ne danginta?
3. Mene ne bambancin hoya da kauci?
4. Yaya shuka ke jin ƙishirwa alhali tana cikin ruwa?
5. Me ya sa ba a ba hoya mara lafiya taki?
6. Waɗanne abubuwa biyu ne ba a yankewa? Don me?

Aiki

A samo gwangwani biyu. A huda gindin ɗaya, a bar ɗayan. A zuba musu ƙasa iri ɗaya, a shuka wake, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida kowace safiya. Bayan kwana 15 a tone su, a kwatanta saiwarsu, a zana abin da aka gani cikin littafi.